Kalmar "duck" a Turanci: agwagwa, sunkuyawa, ko yadin tanti?

Nafisa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah a taimaka min. Malaminmu na Turanci ya rubuta mana jimlar nan a allo: "I saw her duck." Ya ce ma'ana biyu gare ta, kowa ya je ya nemo. Ni dai tun firamare abin da na sani shi ne duck agwagwa ce, don haka ta farkon ba wuya: na ga agwagwarta. Ta biyun ce na juya na juya ban gano ba. Ranar Litinin za mu miƙa.

Malam Habu: Wa alaikumus salam 'yata. Ta farkon kin samu. Ta biyun ita ce: na ga ta sunkuya, ko na ga ta goce. Duck ba sunan tsuntsuwa kaɗai ba ne, aikatau ce kuma. Idan aka jefo miki dutse kika yi wuf kika sunkuyar da kai ya wuce ta sama, wannan abin da kika yi shi ne duck. Abin da ya ƙara dagula jimlar shi ne kalmar her. A Turanci ita ce ke nuna mallaka, ita ce kuma ke tsayawa a madadin macen da aka gani. Mu a Hausa "agwagwarta" daban, "na gan ta" daban, babu mai haɗa su. Su kuwa kalma mai aiki biyu ce ta zo ta zauna kusa da wata mai aiki biyu.

Mudi: Ƙanwata, in kina son ki riƙe ta biyun har abada, nemi bidiyon George Bush a Bagadaza, Disambar 2008. Yana tsaye da Nuri al-Maliki, firaministan Iraƙi na lokacin, a gaban 'yan jarida, wani ɗan jarida mai suna Muntazar al-Zaidi ya cire takalminsa ya wurgo masa, Bush ya sunkuya ya wuce. Ya ciro na biyu ya sake wurgowa, nan ma bai same shi ba. Jaridun Turanci da wannan kalmar suka ba da labarin. A nan ni na fara saninta.

Nafisa: Na gode Baba Malam, na gode Yaya Mudi. Amma me ya haɗa agwagwa da sunkuyawa har suka raba suna ɗaya?

Garba Ɗan Kurmi: Ku dakata, ku dakata. Ni tun da Malam ya yi bayani wani abu ke ci na. Duck, sunkuyawa. Duƙa, sunkuyawa. Ku faɗe su a baki ku ji. Allah ya gafarta Malam, wannan ai kalmarmu ce. Ko dai Turawa sun ɗauka a wajenmu lokacin mulkin mallaka, ko kuma mu muka ɗauka a wajensu. Ba yadda za a yi sauti ɗaya da ma'ana ɗaya su haɗu haka kawai.

Malam Habu: Malam Garba, kunnenka ya ji daidai, kamar tana nan. Amma mu bi ta hanyoyi biyun da ka kawo.

Ta farko, cewa su suka ɗauka. Kalmar tana cikin Turanci fiye da shekara dubu. A tsohon Turanci ana kiran tsuntsuwar duce, ma'anarta mai nutso, daga wata aikatau da ke nufin nutsewa cikin ruwa. Kafin nan da wani suna suke kiranta, ened, wanda ɗan'uwansa ke nan har yau a Jamusanci, inda agwagwa take Ente. Sannu a hankali laƙabin mai nutso ya ture sunan asali. Ita ma aikatau ɗin tana da dangi a maƙwabta: Jamusawa na cewa tauchen, mutanen Holan na cewa duiken, duk nutso ke nan. To Hugh Clapperton, wanda yana cikin Turawan Birtaniya na farko da suka taka Kano, a 1824 ya iso. Sojojin Lugga a 1903 suka ci birnin. Kalmar ta riga wannan haɗuwa da ɗaruruwan shekaru.

Ta biyu, cewa mu muka ɗauka. Duba kalmomin da muka aro daga Turanci masu k: banki, birki, tikiti, makaniki, kwalta. Dukansu da k suka shigo, ba mu mayar da ita ƙ ba. Sannan duƙa tana da 'ya'ya da jikoki a cikin harshe: duƙar da kai, a duƙe, duƙufa. Ga kirarin noma, na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Baƙuwar kalma ba ta yin jijiya irin wannan.

Nafisa, amsar tambayarki na cikin abin da na faɗa a sama. Aikin ne ya ba tsuntsuwar suna.

Hajiya Ladi: Wallahi Malam wanda ya raɗa mata sunan nan ya zauna ya kalle ta. Mu nan gefen Haɗeja, in sanyi ya shigo fadamar nan ta wajen Nguru cika take da agwagin daji, wasu daga Turai suke tasowa su yi hunturu a nan. In kika tsaya bakin ruwa da sassafe, Nafisa, za ki ga ɗaya tana tafe a kan ruwa lafiya lau, sai kawai ta cusa kai ƙasa, wutsiya ta miƙe sama, ƙafafu na ta motsi, tana lalube a cikin laka. Ta ɗago, ta girgiza kai, ta sake komawa. Wasu kuma gaba ɗaya suke ɓacewa, sai can gaba ki ga sun ɓullo.

Garba Ɗan Kurmi: Na ji tarihin, Malam. Amma fataken Hausa sun daɗe suna ratsa Sahara zuwa Tarabulus tun kafin Clapperton. Kalma ai tana tafiya da ƙafar mutane. Me zai hana ta bi ta can ta isa Turai?

Malam Habu: Kalma tana tafiya, ba shakka, amma irin waɗanda ke bin fatake sunayen kaya ne da na ciniki da na addini. Shi ya sa muke da sukari da sabulu da alƙalami. Sunkuyawa kuwa babu al'ummar da take jiran baƙo ya zo ya koya mata sunanta. Kuma in ka ɗauki harsuna biyu, kowanne da dubban kalmomi, dole ka tarar da 'yan kaɗan da suka yi kama bisa katari. A Farisanci bad na nufin mummuna kamar dai a Turanci, kuma masana sun bi asalinsu sun ga ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Ga namu a gida: mu "shi" namiji ne, su she mace ce. Hausa 'yar gidan harsunan Cadi ce, danginta na nesa su ne Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye. Turanci ɗan gidan Jamusanci ne.

Garba Ɗan Kurmi: Ni dai raina bai kwanta ba. Kullum sai a ce mu ne masu aro, ba a taɓa cewa an aro namu.

Auwal: Kawu Garba, an aro mana. Suya da Kannywood duk sun shiga ƙamus ɗin Oxford a 'yan shekarun nan, kuma an rubuta daga inda suka fito. Waɗannan muna da hujja a kansu. In muka cusa duck a ciki ba hujja, gobe wanda ya san tarihin kalmar zai yi watsi da sauran maganarmu gaba ɗaya, har da ta gaskiyar.

Sani Mai Fassara: Bari in shigo ta ɓangaren aikina, don ni wannan kamar da Malam Garba ya gano tarko ce a gare mu masu fassara. Ma'anar ba ɗaya ba ce sak. Manomi yana duƙe tun safe har azahar, tela yana duƙe a kan keke. Bature ba zai kira wannan duck ba. Duck sai da sauri, kuma sai akwai abin da ake guje wa: dutse, naushi, ƙofa mai gajeren kai, ko idon wani. Da zan ce a rediyo "Bush ya duƙa", mai sauraro zai ɗauka gaisuwa ya yi ko wani abu ya tsinta a ƙasa. Abin da ya dace shi ne ya goce, ko ya yi maza ya sunkuya.

Mu a ɗakin watsa shirye-shirye ma muna da ita. In mai gabatarwa ya fara magana sai kiɗan da ke tashi ya yi ƙasa da kansa, in ya yi shiru ya dawo. Injiniyoyin sauti ducking suke kiran wannan.

Anti Binta: Salamu alaikum, yanzu na taso daga aikin dare na tarar da zaure ya cika. Ga wata ma'anar da ba za ku same ta a littafin makaranta ba. Nan Nottingham inda nake aikin jinya, da Derby da Stoke-on-Trent, duck kalmar ƙauna ce. Za ki shiga bas, direba ya karɓi kuɗinki ya ce "thanks, duck". Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, ta haura tamanin, duk safiya in na shigo da maganinta sai ta kama hannuna da nata mai rawa ta ce "ay up, me duck". Ma'anarsa kusan sannu 'yar nan. Ba ruwansu da namiji ko mace, ƙato mai gemu zai ce wa ƙato ɗan'uwansa duck a kanti, ba wanda zai waiga. Amma abin na yankin ne. A Landan ba kasafai za ki ji shi ba.

Hajiya Ladi: Ikon Allah. Binta, a nan ki ce wa matar mutum agwagwa a gidan biki ki ga yadda taro zai watse.

Anti Binta: Shi ya sa na kawo shi, Yaya. Yaranmu da ke zuwa karatu ko aiki nan yankin gara su sani tun daga gida, kada wani dattijo ya yi musu maganar arziki su ɗauka zagi ne.

Mudi: Malam Sani, tunda kai ne a fagen, akwai wadda ke damuna a labarin ƙwallo. In ɗan wasa ya daɗe bai ci ba sannan ya ci, sai masu sharhin Ingila su ce "he has broken his duck". Wace agwagwa ya karya?

Sani Mai Fassara: Ba agwagwar ba ce, ƙwanta ne, kuma daga wasan kurket, wanda ake buga ƙwallo da katako, maganar ta fito. A kurket in aka fitar da mai bugu bai samu ko maki ɗaya ba, sai a rubuta masa sifili a allo. Sifilin ya yi kama da ƙwai, sai suka riƙa cewa ya samu duck's egg, ƙwan agwagwa. Da tafiya ta yi tafiya aka yar da ƙwan aka bar duck. In a ƙwallon farko aka fitar da shi, golden duck ke nan. To wanda ya samu makinsa na farko ya fasa ƙwan. Mu in za mu faɗa sai mu ce ya kawo ƙarshen ƙamfar cin ƙwallo, ko ya ci ƙwallonsa ta farko a ƙungiyar.

Sifilin da ya fi shahara a tarihin wasan shi ne na Don Bradman ɗan Ostireliya. A wasansa na ƙarshe da Ingila, filin Oval na Landan, 1948, maki 4 kacal yake nema matsakaicin makinsa na rayuwa ya cika 100. Eric Hollies ya fitar da shi a ƙwallo ta biyu bai samu komai ba. A 99.94 ya tsaya, kuma har yau babu wanda ya matso kusa da wannan a cikin waɗanda suka daɗe suna wasan.

Mudi: Kai! Maki huɗu. Wannan ya fi zubar da fanareti ciwo. Mu ma a firamarenmu in malami ya zana maka sifili da jan biro cewa muke an ba ka ƙwai.

Isufu Damagaram: Gaisuwa ga jama'ar Najeriya. Mu da muka yi lakwal da Faransanci muna da namu rikicin da wannan tsuntsuwa. Sunanta canard, amma canard kuma labarin ƙarya ne, kuma a bakin mutanen gari jarida ma canard ce. Akwai wata tsohuwar jarida a Faris mai tonon asirin 'yan siyasa, Le Canard enchaîné, wato ɗaurarriyar agwagwa. Turawan Ingila sun aro canard ɗin, amma da ma'anar ƙarya kawai suka ɗauke ta, ba su kiran tsuntsuwar da ita. Tambayata ga Malam Sani: a labaran Amurka ina jin lame duck. Na taɓa jin wani ya fassara ta da gurguwar agwagwa. Daidai ne?

Sani Mai Fassara: Kalma da kalma daidai ne, amma bai isar da komai ba. Manomin da ke sauraro a gona me zai fahimta in aka ce shugaban Amurka ya zama gurguwar agwagwa? Asalin maganar daga kasuwar hannun jari ta Landan ne a ƙarni na 18, inda ake kiran dillalin da ya kasa biyan bashinsa da wannan suna. Daga baya Amurkawa suka mayar da ita ta siyasa: shugaba ko ɗan majalisar da har yanzu yake kan kujera, amma an riga an zaɓi wanda zai gaje shi. Mu "mai barin gado" muke cewa.

Malam Habu: A nan kam ban bi ka ba, Sani. Mai barin gado ya faɗi rabin magana ne. Yana gaya mana mutumin zai tafi, bai gaya mana cewa tun bai tafi ba an daina jin tsoronsa. Wannan raunin shi ne zuciyar lame duck. Dubi abin da ya faru a Amurka. An zaɓi Roosevelt a Nuwambar 1932, amma a dokar lokacin sai 4 ga Maris ake rantsarwa. Wata huɗu Hoover, shugaban da Roosevelt ya kayar, na zaune a fadar, bankuna na rushewa, jama'a na rasa aiki, shi ba mai sauraronsa, wanda aka zaɓa kuma ba shi da iko. Gyaran tsarin mulki na 20, wanda aka amince da shi a 1933, shi ya dawo da rantsarwar zuwa 20 ga Janairu don a rage wannan tsaiko, har ana yi masa laƙabi da gyaran lame duck. In ka ce mai barin gado kawai, duk wannan ya zube.

Alhaji Tanimu: To ku ce kyanwar Lami mana, ba cizo ba yakushi.

Sani Mai Fassara: Ranka ya daɗe, na so ta, amma ita kyanwar Lami halinta ke nan tun fil azal. Shi kuwa wannan jiya-jiya yana cizo, lokaci ne ya zare masa haƙora. Kuma a labarai in na kira shugaban wata ƙasa kyanwar Lami na shiga sharhi, edita ba zai bari ta wuce ba. Malam, na yarda da kai cewa akwai abin da ke zubewa. Abin da nake yi in akwai fili shi ne in ƙara 'yar jimla: shugaba mai barin gado, wanda tasirinsa ya ragu. A kanun labarai kuwa daƙiƙa nake ƙirgawa.

Malam Habu: To ka riƙa ƙara jimlar ko da a cikin labarin ne. Mu ma ai mun san yanayin. A 2015 an yi zaɓe 28 ga Maris, aka miƙa mulki 29 ga Mayu. Duk wanda ya ga yadda 'yan siyasa suka yi ta sauya sheƙa a wata biyun nan ya san abin da ake nufi, sunansa ne kawai ba mu tsayar ba.

Alhaji Tanimu: Ni bari in kawo tawa, daga kasuwa. Ina sayar da tampol da yadin rumfa. Akwai wani yadi mai kauri na auduga da muke saro wa masu ɗinka tanti da jakunkuna, a takardar kayan ana rubuta cotton duck, da lamba a gefe. Saƙarsa a matse take ƙam, in ka ɗaga shi ga rana da ƙyar haske ke ratsawa, kuma sabo in ka zuba masa ruwa sai ya tsaya a kai ya gangare. Yarana na shago sun ce don ruwa ba ya kama shi kamar gashin agwagwa shi ya sa aka sa masa sunan. Haka ne?

Malam Habu: Alhaji, hasashen yaran da ma'ana, amma wannan duck ɗin ba ta da dangantaka da tsuntsuwar ko kaɗan. Daga harshen Holan ta zo, doek, wato ƙyalle. Mutanen Holan masu jiragen ruwa ne, da irin wannan yadi ake yin ƙyallen da iska ke turawa jirgi ya tafi, da wandunan ma'aikatan jirgi. Turawan Ingila suka ji doek suka mayar da ita kalmar da bakinsu ya saba. Har yau a Afirka ta Kudu ɗankwalin mata doek ake ce masa. Ka ga a nan kalmomi biyu ne mabambanta suka faɗo cikin rubutu ɗaya, saɓanin agwagwa da sunkuyawa da suke tsatso ɗaya.

Alhaji Tanimu: Madalla, yau na ƙaru. Lambar kuwa na san ta: ƙaramar lamba ita ce mai nauyi, babba ita ce marar nauyi. Sabon shiga yakan ɗauka akasin haka ne ya yi odar abin da ba shi yake so ba.

Garba Ɗan Kurmi: To kun gani. An yarda Turanci ya aro daga Holan, amma daga Hausa an ce a'a.

Isufu Damagaram: Malam Garba, tsakanin Holan da Ingila ɗan teku ne, suna ciniki da juna ɗaruruwan shekaru, kuma akwai takardun da ke nuna yadin da sunansa sun tsallaka tare. Hujjar ke nan. Ni ma Bahaushe ne, zan so a ce tamu ce, amma so ba ya zama shaida.

Rabi Malamar Firamare: Ina ta karatu ban ce komai ba, amma akwai abin da ke damuna. Yarinya ta tambayi jimla ɗaya, mun kai ta kurket da kasuwar Landan da yadin tanti. Ni ina koyar da aji huɗu, yara sun fi saba'in, da yawansu ba su iya haɗa jimlar Turanci mai kalma biyar ba. In na ce musu duck tana da ma'ana shida, na rantse har ta farkon sai ta gudu. Ni a ganina a bar yaro da duck agwagwa, in ya girma ya nemi sauran.

Malam Habu: Malama Rabi, a ajinki ina bayanki ɗari bisa ɗari. Ɗan aji huɗu agwagwa ta ishe shi. Inda nake da ja shi ne yadda muke koyar da ita. Muna sa yara su rera "duck, agwagwa, goat, akuya" har abin ya zauna musu cewa kowace kalmar Turanci tana da abokiya guda a Hausa, ba ƙari. Da wannan tunanin suke isa sakandare, sai jarrabawar WAEC ko JAMB ta kawo musu sitting duck ko "like water off a duck's back" a ce su zaɓi ma'ana, sai su tafi neman tsuntsuwa. Ba sai kin ba su ma'ana shida ba. Ki nuna musu da Hausarsu cewa kalma takan yi haka. Ki tambaye su ma'anar "ci": cin tuwo, cin kasuwa, cin jarrabawa, cin amana, cin bashi. Yaron da ya gane wannan a harshensa ba zai firgita ba ranar da Turanci ya yi masa irinsa.

Rabi Malamar Firamare: Wannan zan iya, Baba, don ba ya cin lokaci. Amma ina nan kan bakana cewa a firamare ma'ana ɗaya tak za ta hau allo.

Nafisa: Baba Malam, su biyun da ka ambata fa, me suke nufi? Kada su fito mana.

Malam Habu: Sitting duck maganar mafarauta ce. Agwagwar da ke tashi wuyar harbi gare ta, wadda ke zaune a kan ruwa kuwa ko ɗan koyo zai same ta. Don haka ana faɗar ta ga mutum ko wuri da aka bari a fili ba kariya, kamar ƙauyen da aka janye wa jami'an tsaro. Ta biyun kuma mutumin da faɗa ko zagi ba ya damunsa. Mu muna da wadda ta fi ta daɗi: ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Akwai kuma "took to it like a duck to water", wanda ya fara abu ya iya nan take kamar da ma can ya saba.

Hajiya Ladi: Ta ruwan nan gaskiya ce tsantsa. Akwai wani ɗan kumburi a gindin wutsiyarta mai fitar da maiƙo, da baki take lakato shi ta bi gashinta tana shafawa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa in ta fito daga kududdufi ta girgije sau ɗaya sai ka ga kamar ba ta shiga ba. Amma Malam, littafin jikana ya ce agwagwa na cewa quack. Nawa na gida ban taɓa jin sun yi wannan kukan ba. Toron huci kawai yake yi, macen kuma 'yar ƙara ce siririya.

Auwal: Hajiya, iri ne daban. Tamu ta gida mai jan fuska asalinta daga Kudancin Amurka ne, Turawa na kiranta Muscovy. Ta littafin jikanki jikar agwagwar dajin Turai ce, ita ce mai quack. Kwancinsu ma ya bambanta, tamu kwana 35, tasu 28.

Hajiya Ladi: Kwana talatin da biyar ɗin nan daidai ne, ɗana, sati biyar cur take yi a kan ƙwai.

Auwal: Mu ma masu rubuta manhajar kwamfuta ba ta bar mu ba. Akwai maganar Turawa cewa in abu yana tafiya irin ta agwagwa, yana kuka irin nata, to agwagwa ce. Daga nan aka samo duck typing a harsunan rubuta manhaja irin su Python: manhajar ba ta tambayar wane irin abu ne aka miƙo mata, tana duba ko zai iya aikin da ake so ne kawai.

Anti Binta: Abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma ni a nan shi ya fi ba mutanenmu wahala: furuci. Mu 'yan Arewa mukan ce "dak", 'yan'uwanmu na Kudu su ce "dok". Ta Kudun tana faɗawa kan dock, wato tashar jirgin ruwa ko akwatin da wanda ake tuhuma ke tsayawa a kotu. Tamu in aka ja ta kaɗan sai ta koma dark, duhu. Wasalin gajere ne ƙwarai, a yanke shi da wuri, kuma a fito da k ɗin ƙarshe sosai don kada a ji dog ko dug. In na huta zan turo muku da murya.

Sani Mai Fassara: Kafin a tashi, ga wadda ke gabana yanzu a kan tebur, za ta shiga labaran yamma: "The minister ducked the question." Ina tsakanin ya kauce wa tambayar, ya waske, da ya noƙe. Malam, me ka gani?

Malam Habu: Cire noƙe, wannan na wanda aka kira ya ƙi fitowa ne, ko aka ba shi aiki ya ja baya. Shi ministan ai ya yi magana, amsar ce bai bayar ba. Waske ta fi kusa da ruhin Turancin, don tana ɗauke da dabarar da ke ciki, an jefo masa abu ya goce ya kama wani zance.

Mudi: Waske ɗin dai, Malam Sani. Kowa zai gane.

Sani Mai Fassara: A hira da ku waske zan ce. Amma a labarai tana da ɗan ƙanshin zargi, kamar ni ne na yanke masa hukuncin wayo, kuma ofishinsa na iya bugo waya. Zan rubuta "ministan ya kauce wa amsa tambayar", sannan in sa muryarsa nan take bayan jimlar, masu sauraro su ji da kunnensu abin da aka tambaye shi da abin da ya faɗa.